Yadda Waƙar Baba Emanuwel Ta Kusa Maƙalewa a Faraku

Tun da na dawo daga Faraku ban huta da tambaya ba. Wanda ya zo shagona buga takardar haya sai ya tambaya, mai hoton fasfo ma sai ya tambaya, 'yan majalisarmu ta bakin masallaci a Bagama ta Suleja kuwa har sun laƙaba mini Nasiru Faransa. Kowa abu ɗaya yake son ji: me ya kai ni ƙasar Benin a motar 'yan coci, ni da ko waƙar biki ban iya ba? To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Baba Emanuwel ne sila. Tsohon malamin makaranta ne, mutumin kudu, ya kama haya a gidanmu tun ina rarrafe, kuma har yau yana nan. Shi ne shugaban mawaƙan cocinsu. Tun yana da ƙarfinsa ya tsara wata waƙa mai muryoyi huɗu, har da wurin masu busa. Sai dai cocinsu babu masu busa, kibod ɗaya gare su, shi ma rabin haƙoransa sun mutu. Saboda haka mutumin nan bai taɓa jin waƙarsa yadda ya rubuta ta ba. Bana sai wata coci a Faraku ta gayyace su taron mawaƙa, aka ce suna da 'yan badujala na gaske, kuma a aiko da waƙa ɗaya da za a haɗu a rera. Ranar da saƙon ya zo Baba bai iya cin tuwo ba don murna.

A nan na shigo. Mawaƙanmu na nan da haruffa suke karanta waƙa, d, r, m, f, s, a jere. Mutanen Benin kuwa da wancan rubutun suke karantawa, mai layuka biyar da baƙaƙen ɗigo masu jela a kansu. Duk cocin Baba kaɗai ya iya shi, ga idonsa ya yi yana. Sai ya kwaso tsofaffin takardunsa ya zo shagona ya ce, "Nasiru ɗana, kai ne kwamfuta, ni ne kunne." Na samo manhajar rubuta kiɗa, muka kwashe makonni yana faɗa ina ɗorawa: wannan a kan layi na biyu, wannan a tsakani, wannan ɗigo mai farin ciki ne, wato tsakiyarsa fari, a ja shi. Ban san ƙarar ko ɗaya ba, amma na san kamanninsu kamar yadda na san fuskokin 'ya'yana. Da muka gama na mayar da aikin PDF, na duba a kwamfutata ya fito tsaf, muka tura. Aka amsa da godiya. Da tafiya ta matso Baba ya ce akwai kujera, kuma ba zai je ko'ina ba sai da mai riƙe masa hannu a matakala. Ni kuma ban taɓa tsallake iyaka ba. Na saɓa jakar laftof na bi su.

Mai mulkin mota ita ce Mama Rahila, shugabar mata, Bagwariya mai murya kamar lasifika. Ita ta raba kujeru, ta ajiye ni kusa da kular abinci, ta ce, "Malam Nasiru, ka ci ka ƙoshi, kajin nan mahaucin bakin kasuwa ya yanka, a gabana ya yi bismilla." Na ce Mama ai ban tambaya ba. Ta ce, "Idonka ya tambaya."

Daga mararrabar Lambata zuwa Bida ba sai na faɗa muku ba, kun san tankoki. Abin da ba ku sani ba shi ne, mutanen nan ba sa jiran komai shiru. Tanka ta tare hanya, waƙa. Taya ta fashe kafin Mokwa, waƙa, direba yana ƙarƙashin mota yana zufa suna yi masa amshi. Da azahar ta yi kuwa, kafin in buɗe baki Baba ya daki bayan kujerar direba ya ce a tsaya, ɗansa zai yi salla. Muka kwana a Ilori a masaukin wata coci, aka haɗa ni ɗaki da masu babbar murya. Wallahi munsharinsu ma a tsare yake, wani ya ɗauka wani ya amsa.

Washegari muka isa iyaka ta Cikanda. Ni da na zaci zan ga katanga da ƙofar ƙarfe, sai na tarar da sanda a gicciye da rumfa, ga akuyoyi suna shiga Benin suna dawowa ba mai ce musu kanzil. Aka duba takardunmu da katin rigakafi lafiya lau. Sai wani jami'i na ɓangarensu, mai fara'a, ya ce tunda mun ce mu mawaƙa ne, to mu taɓa masa kaɗan. Nan take suka jeru. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina, sai na tsaya a layin baya da hulata ina motsa leɓe. Da aka gama ya nuno ni yana dariya, ya ce wannan fa bai ji muryarsa ba. Baba ya ce, "Wannan injiniyanmu ne." Tun daga nan har muka dawo ba wanda ya sake kira na Nasiru a motar.

Abin da ya fara ba ni mamaki a can shi ne burodi. Dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa yana yanka dasashi, kuma a hammata ake ɗauko shi ba leda. Na biyu 'yan acaɓa: kowa da rigar aiki iri ɗaya da lamba a baya, ba kamar namu na bakin tasha ba da sai ka kalli ido ka gane ɗan acaɓa ne ko mai babur ne kawai. Na uku gaisuwa. Maza idan sun saba, kai suke haɗawa, dama, hagu, dama. Wani dattijo ya nufo ni da goshi, ni kuma na miƙa hannu na rusuna, sai ƙum! Muka rabu kowa yana murza wurin yana ba ɗan'uwansa haƙuri da yaren da ɗayan bai ji.

A ɗakunan kwanan wata makaranta aka sauke mu. Mai masaukinmu Madam Selestin ce, shugabar mawaƙansu, doguwar mace mai tabarau, tana jin Turanci kaɗan-kaɗan. Da ta ji akwai Musulmi a cikinmu, da kanta ta aiko mini da sabuwar tabarma da buta, ta sa maigadi ya nuna mini gabas. Abin ya shiga raina ƙwarai. Aka kawo sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, wato cukun madarar shanu da ake soyawa, kamar awara amma ya fi ta daɗi nesa ba kusa ba. Mama Rahila ta ci, ta ce barkono ya yi kaɗan, ta ƙara faranti.

Da safe aka shiga gwaji. An raba wa kowa ɗan littafin taro da suka buga, waƙar Baba tana ciki. Ni ban karɓa ba, na zauna a waje ƙarƙashin mangwaro kusa da taga ina shan iska. Sai na ji masu busa sun ɗauka. Ni ba masanin kiɗa ba ne, amma na san idan mota ta fita daga kwalta. Wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma, mai babban ƙahon yana ta gudu shi kaɗai. Aka tsaya, aka sake, ya fi na farko muni. Na leƙa ta taga na hango Baba a tsaye da hannu a sama, ya sauke shi a hankali. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma zuciyata ta karye.

Na shiga na tarar Madam Selestin tana magana cikin ladabi. Ta ce su yi haƙuri, tun da takardar ta zo suke fama da ita, amma irin rubutun waƙa na Najeriya ya fi ƙarfinsu. Ga taro gobe. In ba dama, sai a cire waƙar a sa wata da kowa ya sani.

Mama Rahila ta ce, "Rubutun wa? Namu? Ai wannan naku ne na Faransa!"

Na ce a ba ni littafin. Ina buɗewa na ce innalillahi. Layuka biyar suna nan, jela tana nan, amma ɗigon duk sun gudu. A madadinsu wasu haruffa ne a manne da juna, o da e sun rungumi juna, ga w, ga wasu akwatuna fanko. Masu farin ciki da ake ja sun koma ƙananan ɗigo da ƙyar ake gani. A farkon layin mata, inda alamar nan mai lanƙwasa take zama, alamar "da" ta Turanci ce zaune. A farkon layin maza kuwa, kowane layi, alamar tambaya ce ƙatuwa.

Ashe abin da ya faru ke nan. Mutanen Faraku sun ji labari cewa 'yan Najeriya da haruffa suke rera waƙa, da suka ga haruffa a kan layi sai suka ce to al'adarsu ce, kada mu kunyata baƙi da tambaya. Suka zauna makonni suna cankar ma'ana. Mutanenmu kuma da aka miƙa musu littafin da safe suka ga abin da ba su gane ba, sai suka ce haka Faransawa suke rubutu, kada mu nuna ƙauyanci. Baba da zai gane, hazo kawai yake gani a takarda. Madam Selestin ta ce ita alamar tambayar ce ta fi damun ta, ta zaci marubucin bai yarda da mazan ba ne. Mama Rahila ta ce, "Wannan kam da gaskiyarsa." Aka kwashe da dariya, har Baba ya ɗan murmusa.

Na yi musu bayani iya yadda zan iya. Alamomin kiɗan nan a wurin kwamfuta haruffa ne, sai dai suna sanye da wani salon rubutu na musamman, abin da muke kira font. Kwamfutata tana da shi, shi ya sa na ga komai daidai. Fayil ɗin ya taho bai ɗauko shi ba, kwamfutar mai ɗab'insu kuma ba ta da shi, sai ta sa abin da ta samu. Madam ta ce masu busanta suna karatu da sauri, in takarda mai kyau ta zo hannunsu kafin gwajin la'asar, waƙa tana nan. In ba ta zo ba, ba yadda za ta yi. Baba ya kamo hannuna ya ce, "Injiniya." Na ɗauki laftof na fita.

A bakin ƙofa Allah ya haɗa ni da Idi, ɗan acaɓa mutumin Dogonduci, Hausa ras a bakinsa. Ya ce, "Wallai ka samu tafinta, hau mu tai." Ya kai ni shagon mai ɗab'in, wani gajeren mutum mai gemu wanda tun kafin in zauna ya fara zuba Faransanci yana nuna ni da biro. Ya yi magana mai tsawo, jijiyar wuyansa a miƙe. Na ce Idi me ya ce? Idi ya ce, "Ya ce sannu da zuwa." Ni ma na faɗi tawa, na ce mutum ya ga alamar tambaya a kan waƙa ya buga ɗaruruwa bai tambaya ba? Idi ya juya ya faɗa masa kalma biyu, sai ga mutumin ya washe baki ya jawo mini kujera. Har yau ban san me ya ce na ce ba.

Na fara da mai sauƙi: a jona laftof ɗina da injin buga takardarsa kai tsaye. Inji ya ce bai san ta ba. Na sake fitar da PDF na sa a filash, muka buɗe a kwamfutarsa, ga alamar tambaya nan tana kallo na. Na ce to bari in kwafo font ɗin in dasa masa. Nan na gamu da allon madannansu. Jama'a, mutanen nan sun sauya wa haruffa gida! Inda A yake a wurinmu Q ne a can, M ya ƙaura gefe, lamba kuwa sai ka danne wani maɓalli kafin ta fito. Ni da nake buga takarda ido rufe a Suleja, sai ga ni da yatsa ɗaya kamar Alhajin da aka saya wa waya jiya. Ga kwamfutar kanta da Faransanci take tambaya, Idi yana karanta mini, rabi ya sani rabi ya ƙirƙira. Da ƙyar font ya shiga. Muka buɗe, ɗigo sun dawo, na yi kabbara. Sai na duba da kyau: alamomin hutu da na ƙarfin murya har yanzu akwatuna ne. Ashe manhajar da font fiye da ɗaya take aiki, sauran kuma suna can binne a cikinta, na neme su na rasa.

Na ce to a yi hoto. Na mayar da shafin hoto muka buga gwaji. Ya fito, amma layukan sun yi dishi-dishi, ba ka rantsewa ɗigon a kan layi yake ko a tsakani. A waƙa kuwa, Baba ya sha gaya mini, wannan ɗan bambancin shi ne komai. Ina cikin tunani sai na ga mai shago ya kashe fanka ya ɗauko makulli. Na ce lafiya? Idi ya ce hutun rana ne, duk garin haka ake, sai bayan azahar sosai ake dawowa. Na ce ka gaya masa rai ne a kan takardar nan! Ya gaya masa. Mutumin ya dafa kafaɗata da tausayi, ya kulle shagonsa, ya hau babur ya tafi cin abinci. A Suleja ko gobara ake a layi ba na kulle shago kwastoma yana zaune, amma a raina na ce su ne suka san daɗin duniya.

Muka yi salla a wani masallaci na Zango, muka zauna rumfar mai shinkafa. Na bar abincin a gabana. Ina ta kallon wata ƙatuwar bana ta talla a tsallaken titi, sai abin ya faɗo mini. Mu ma ai muna shan wannan wahalar da masu buga bana na hanyar Tafa: ka kai musu aiki da rubutu mai kyau, ya fito da wani daban. Maganin da muke yi shi ne, kafin ka kai, ka mayar da rubutun zane. Da zarar harafi ya zama zane, ba ruwansa da font kuma, ko kwamfutar wa ya shiga haka zai fito. Na ture faranti na buɗe laftof a kan benci, na jawo shafukan cikin manhajar zane, na narkar da kowace alama ta koma zane, na fitar da sabon PDF. Don in tabbatar, na tura wa wayar Idi, wadda ba ta taɓa jin labarin kiɗa ba. Ya buɗe ya miƙo mini. Kowane ɗigo yana gidansa, alamar maza ta dawo da lanƙwasarta. Na rungume Idi har mai shinkafa ta tambaya ko haihuwa aka yi mini.

Mai shago ya dawo a lokacinsa, yana sakace. Ya buɗe sabon fayil ɗin, ya matso da fuska, ya ɗaga mini babban yatsa. Inji ya fara aman takarda da ɗuminta. Idi ya kwashe ni a guje, na danne takardun a ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan a kan hula. Muka tarar masu busa har sun fara buɗe akwatunansu. Madam Selestin ta karɓi shafi ɗaya ta gyara tabarau, ta bi shi da ido tana gyaɗa kai, leɓenta yana motsi. Sai ta ɗago ta dubi Baba ta ce da Turancinta, "Malam, ashe waƙa ce mai sanyi. Mu kuwa muna ta kora ta da gudu." Aka yi gwaji ƙungiya-ƙungiya, masu busa a wani aji, mawaƙa a wani, ba a samu haɗa su ba sai gobe a gaban jama'a.

Ranar taro na raka Baba har matakala, na koma gindin mangwarona. Coci ta cika har waje. Aka yi ta waƙoƙi, sannan na ji an kira sunansa. Ta taga ina hango shi cikin farar rigarsa da Mama Rahila ta goge masa da kanta. Ya ɗaga hannu. Ƙaho ɗaya ya fara shi kaɗai, a hankali, ya ja wata murya doguwa, na ce a raina wannan mai farin cikin nan ne na farkon shafi. Sai sauran suka shigo ƙarƙashinsa, sai mata, sai maza daga can ƙasa, har na ji bencin da nake kai yana rawa. Ni na ɗora kowane ɗigo da hannuna, amma ban taɓa sanin abin da nake ɗorawa ke nan ba.

Baba kuwa ya manta da aikinsa. Hannunsa yana sama, bai sake motsa shi ba, hawaye yana bin kumatunsa yana sauka a kan farar rigar. Madam Selestin ta lura, ta matso gefe tana ba su lokaci da ɗan yatsa, ba wanda ya ɓata. Da aka kai ƙarshe wurin ya yi tsit, sannan tafi ya ɓarke, mata suna guɗa, Mama Rahila tana kuka tana dariya lokaci guda.

Jama'a suka yanyame shi, amma ya dinga laluben hanya yana cewa ina Nasiru. Na tarye shi a matakala na kama hannunsa. Na ce, "Baba, barka. Ta fito yadda kake so?"

Ya matse hannuna. Sannan ya ce, "Ɗana, tun kafin a haife ka nake jin ta a cikin kaina, ni kaɗai. Wani lokaci har ina tsoron ko ƙarya kaina yake yi mini." Ya share fuska da takardar da ke hannunsa, ya yi dariya irin ta yara. "Ashe da gaske tana nan. Kai ma ka ji ta, ko?"

Na ce na ji ta, Baba. Kowa ya ji ta.